Lokutan aikatau a Turanci: tambayoyin da ɗalibai suka fi yi, da amsoshinsu

Na daɗe ina koyar da Turanci a ajin yamma, inda ake samun 'yan sakandare masu shirin WAEC da NECO, da ma'aikata masu son gyara wasiƙunsu na ofis, da 'yan kasuwar da ke ciniki da baƙi ta waya. Kusan duk kuskuren da na zagaye da jan biro, idan na tona ƙarƙashinsa, sai in tarar da lafiyayyiyar jimlar Hausa a kwance. Shi ya sa amsoshin nan daga Hausa suke farawa.

Malam, wai lokutan aikatau nawa ne a Turanci? Wani littafi ya ce 12, wani malaminmu kuma ya ce 2.

Kowa da gaskiyarsa. Idan ƙirar kalmar ake dubawa, riga biyu ce kawai aikatau na Turanci yake da ita don nuna lokaci: ta yanzu da ta da, *walk* da *walked*, *go* da *went*. Sauran duk da 'yan rakiya ake haɗa su, su *will* da *have* da *be*. Masu cewa 12 lissafi suka buga: lokaci 3, wato abin da ya wuce da na yanzu da na gaba, kowanne da fuska 4, kamar *I go, I am going, I have gone, I have been going*. Na sha ganin ɗalibin da zai zubo maka su duka kamar haddar allo, amma ka ce ya faɗi abin da ya yi jiya da daddare, sai ya shiga kame-kame. Guda 6 ne ke ɗauke da kusan duk hirar yau da kullum: *I go, I went, I am going, I was going, I have gone, I will go*. Ka riƙe waɗannan tukuna.

Me ya sa abin yake ba mu wuya haka, alhali mu ma muna da lokuta a Hausa?

Muna da su, amma aikinsu daban. A Hausa aikatau kamar sarki yake a kan doki, zagi ne ke ɗawainiya. Dubi na tafi, zan tafi, nakan tafi, bari in tafi. Kalmar tafi tana nan daram, ɗan zagin da ke gabanta ne ke sauyawa. Wannan na ɗaya ke nan.

Na biyu ya fi muhimmanci. Abin da zagin ya fi kula da shi shi ne ko aikin ya kammala ko bai kammala ba. Batun yaushe, wannan jiya da gobe da bara ake bar wa. Mutum yana tsaye a bakin ƙofa, takalmi bai gama shiga ƙafarsa ba, sai ya ce na tafi. Direba a tasha zai ce gobe war haka mun isa Legas, da zagin da muke kira na shuɗaɗɗen lokaci, ga shi kuwa ko motar ba a tayar ba. Haka kuma muna cewa jiya da ka kira ina wanka, da ina ɗin nan da muke cewa yanzu ina wanka.

Bature kuwa tambaya biyu yake yi wa kowane aikatau: ya kammala ko yana gudana, sannan a wane lokaci ne daga inda mai magana yake tsaye. Don haka maganar direba za ta zama *By this time tomorrow we will have reached Lagos*, ta mai wanka kuma *I was having a bath when you called yesterday*. Ko da *yesterday* na cikin jimlar, sai *was* ta sake faɗin cewa jiya ne. Mu a wajenmu maimaici ne, su a wajensu doka ce.

Idan malami ya ce kun gane, in ce *I understood* ko *I understand*?

*I understand.* Na gane, na sani, na yarda, na gaji, na ƙoshi: duk da zagin kammala muke faɗinsu, amma halin da muke ciki yanzu suke bayyanawa. Turancinsu *I understand, I know, I agree, I am tired, I am full*. Idan ka ce *I understood*, kamar ka ce ɗazu dai na gane ne, sai malamin ya tsaya jiran ka faɗi abin da ya faru daga baya. Kuma babu *am* a gaban *agree*.

To ina da mota fa? Ai *I am having a car* ne, tunda ina shi ne *am* da *-ing*.

Nan ne ramin da ya fi cin mutane. An koya mana tun firamare cewa ina karatu shi ne *I am reading*, sai kan ya ɗauka duk inda ina ta fito *-ing* za ta biyo baya. Amma ina ta Hausa tana da faɗi. Tana ɗaukar abin da ake yi yanzun nan, tana ɗaukar sana'a da mazauni, tana ɗaukar mallaka da so. Turanci ya raba su. Ina aiki a banki: *I work in a bank*. Ina zaune a Gusau: *I live in Gusau*. Ina da mota: *I have a car*. Ina son shayi: *I like tea*, ko *I want tea* idan yanzu kake buƙata.

Akwai rukunin aikatau masu bayyana hali, irin su *know, believe, want, need, own, belong, understand*, waɗanda ba kasafai suke karɓar *-ing* ba. *Have* tana karɓa ne idan ta bar ma'anar mallaka, kamar *I am having lunch*, ina cin abincin rana. *I think he is right* ra'ayi ne, *I am thinking about it* kuwa tunanin ne ake cikin yi.

Sai kuma shahararriyar *I am coming*, wadda ita ce ina zuwa ɗinmu sak. Tsakaninmu a Nijeriya kowa ya san nufinka. Baƙo daga Ingila zai ga ka ba shi baya kana tafiya kana cewa zuwa kake yi. Abin da yake jira ya ji shi ne *I'll be right back*.

Mene ne bambancin *I saw him* da *I have seen him*? Duk na gan shi ne a wajena.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace cin lokacin aji, kuma ta cancanci haka, domin Hausa ƙofa ɗaya ta yi wa ɗaki biyu.

Fara da abin da ba ya karyewa. Idan ka ambaci lokacin da ya riga ya rufe, irin su *yesterday, last week, two days ago, in 1960*, to babu *have* babu *has*. *Nigeria became independent in 1960. I saw him yesterday.* Tambayar da ta fara da *when* ita ma haka: *When did you arrive?* Jimlar *I have seen him yesterday* kuskure ce ko a wane ƙauyen Ingila ka kai ta.

*Have* da *has* kuwa na abin da ya faru ne amma igiyarsa na nan ɗaure da yanzu. *I lost my key* labari ne, ta yiwu ma an tsinto. *I have lost my key* na nufin ga ni nan tsaye a ƙofar ɗaki ba mabuɗi. *Abuja has been the capital since 1991*, domin har gobe ita ce babban birni. Da za ka ce *was*, ka nuna an ɗauke shi an kai wani gari.

Abin da ke taimaka wa ɗalibaina shi ne wasu kalmomin Hausa huɗu da kusan kullum suke jawo *have*: taɓa, riga, tukuna, da yanzun nan. Ka taɓa zuwa Makka? *Have you ever been to Mecca?* Na riga na biya: *I have already paid*. Bai zo ba tukuna: *He has not come yet*. Yanzun nan ya fita: *He has just gone out*. Lura da yadda hira ke tafiya: an tambaye ka da *have you ever*, ka amsa *Yes, I have*, amma da ka ambaci shekara sai ka koma *I went in 2019*.

A nan ne kuma *been* da *gone* suke rabuwa. *He has been to Kano*, ya taɓa zuwa, ya dawo. *He has gone to Kano*, ya tafi, ba ya nan. Kada ka gaya wa mutum ido da ido *I have gone to Kano*, sai ka ce fatalwarka ce ke magana.

Amurkawa sukan ce *I just ate* ko *Did you eat yet?* inda mutanen Ingila za su fi cewa *I have just eaten*. Za ka ji haka a finafinai, kuma ba laifi ba ne a wajensu. Makarantunmu da jarrabawarmu dai tsarin Ingila suka gada, don haka a takarda bi nasu. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci nauyinsu biyu ne a nan, domin Faransanci yana haɗa irin wannan gini da jiya ba tare da wata matsala ba.

Tun safe nake jiranka: *I am waiting for you since morning*?

*I have been waiting for you since morning.* Abin da ya faro a baya kuma har yanzu ana cikinsa, da *have been* da *-ing* ake faɗinsa. *Since* tana nuna mafari, kamar tun: *since Monday, since 2015*. *For* tana nuna tsawo: *for three days, for five years*. Shekara 5 ke nan ina koyarwa: *I have been teaching for five years*. Ba a cewa *since five years*.

Yaushe ake amfani da *had*? Na ga kamar ta fi nuna ƙwarewa.

Wannan zaton ne ke ɓata takardu. Wasu na ɗauka *had gone* ta fi *went* girma, sai su rubuta *I had gone to the market yesterday*, su tsaya. Mai karatu zai yi ta jiran abu na biyu. Aikin *had* shi ne ta nuna wanda ya riga wani a cikin abu biyu da suka wuce. Kafin mu isa tasha mota ta tashi: *By the time we got to the station, the bus had left*. Idan abu ɗaya ne, ko kana jero su yadda suka faru, *went* ta wadatar.

Nakan je gona duk Asabar. *I use to go* daidai ne?

A'a. *I go to the farm every Saturday*, ko ka ƙara *usually*. *Used to* na al'adar da aka daina ce, wato a da nakan je. Wanda ya ce *I used to pray* ya faɗi abin da bai yi niyya ba, domin ya shaida wa duniya ya bar salla. Akwai kuma *I am used to the heat*, na saba da zafi. Kama ce kawai, ba dangi ba ne.

Idan ya zo zan gaya masa. Me ya sa aka kashe mini *when he will come*, aka kuma kashe wa abokina *if he came*?

Abokinka ya bi Hausa, ya ga ya zo sai ya sa *came*. Kai kuma ka bi hankali, ka ga abin bai faru ba sai ka sa *will*. Turanci bai bi ko ɗaya ba. Bayan *if, when, before, after, until, as soon as*, idan maganar gaba ake yi, ƙirar yanzu ake sawa, *will* ta tsaya a ɗaya ɓangaren: *When he comes, I will tell him*. Idan ɗinmu ma gida biyu ce. *When* na wanda ka tabbata zai zo ne, *if* na wanda kake shakka.

Kalmar "da" ta fata da ta nadama su ma sun rabu. Da ina da kuɗi da na saya, ana nufin yanzu ba ni da su: *If I had money, I would buy it*. Ga *had* nan, amma ba jiya take nufi ba, tana nuna abin ba haka yake ba ne. Da na sani da ban zo ba, abin ya riga ya wuce: *If I had known, I would not have come*. Da-na-sanin da muke cewa ƙeya ce, su *had I known* suke ce mata. Da ni ne kai kuwa *If I were you* ne, da *were* ko da yake mutum ɗaya ne.

*Will*, *going to*, *shall* da *would*: wanne ne zan?

*Will* na shawarar da aka yanke nan take ne, da alkawari, da hasashe. An buga ƙofa: *I will open it*. *Going to* na niyyar da aka riga aka ƙulla ce, ko abin da alamarsa ta bayyana. Hadari ya haɗu, iska ta taso: *It is going to rain*. Abin da aka tsayar wa rana kuma *-ing* ma tana ɗauka: *I am travelling to Sokoto on Friday*. *Shall* ta tsufa, ta rage a takardun shari'a da tayi irin *Shall we go?*

*Would* ce ake wa amfani barkatai. Sau da yawa ina ganin sanarwar ofis an rubuta *The meeting would start at ten tomorrow*, wai don ladabi. Mai karatu zai tambaya, idan me ya faru? *Will* ce wurin. Abin dariya kuma, inda ake buƙatar *would* ɗin sai a guje ta, a rubuta *I will like to apply*. Daidai shi ne *I would like to apply*.

Ya ce zai zo. Ya ce ba shi da lafiya. Yaya zan ba da labarin maganar wani?

Mu yadda aka faɗi magana haka muke ɗauko lokacinta. Turanci yakan ja ta baya taki ɗaya idan an fara da *said*: *He said he would come. He said he was ill.* *Will* ta zama *would*, *is* ta zama *was*, *can* ta zama *could*. Idan abin gaskiya ne har yanzu, ana iya barinsa: *The teacher said the earth goes round the sun*.

Dangin wannan shi ne zamewa a cikin labari. Ɗalibi zai fara da *Last year I travelled to my village*, layi uku a gaba sai ga *we enter the house and my uncle welcome us*. A Hausa da ka ce bara sau ɗaya ka sauke nauyi, sai muka, sai ya, su ci gaba da tafiya. A Turanci kowane aikatau sai ya biya nasa kuɗin shiga.

Na san dokar *-s* da *-ed*, amma kullum sai na manta su. Me ke damuna?

Kunne ne da harshe. Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, kuma ba mu saba tara baƙaƙe a ƙarshen kalma ba. Dubi yadda muka yi da kalmomin aro: *paint* ta zama fenti, *cement* ta zama siminti, *belt* ta zama bel. Ko mu ƙara wasali, ko mu yar da wutsiya. To *walked* da *asks* wutsiyarsu ce ke ɗauke da nahawun, kuma abin da baki bai furta ba hannu ba ya rubutawa. Maganin shi ne karatu da ƙarfi, kana fitar da ƙarshen: sautin t a *walked*, d a *called*, id a *wanted*.

Sannan alamar wucewa sau ɗaya ake sa ta. Da *did* ta shigo, ta ɗauke kayan: *Did you go? I did not see him.* Ba *did you went* ba. *Does* ma haka take ƙwace *-s*: *He does not know*. Aikatau masu taurin kai da ba sa karɓar *-ed*, irin *go, went, gone*, sun kai wajen 200, kuma abin haushi su ne aka fi amfani da su: *be, have, do, say, get, make, go, know, take, see*. *Went* ma asalinta daga wani tsohon aikatau ne, *wend*, shi ya sa ba ta kama da *go* ko kaɗan. Waɗannan sai hadda, uku-uku, a cikin jimla.

An sace wayata. *They have stolen my phone* ya yi?

Za a gane ka, amma za a tambaye ka su wa. An ɗinmu ba ta da takwara a Turanci, sai a juya jimlar: *My phone has been stolen*. An haife ni a Katsina: *I was born in Katsina*. Ana gyara hanyar: *The road is being repaired*. An gyara ta: *It has been repaired*. *Been* na bin *has* da *have* da *had*, *being* na bin *is* da *was*. Masu shirya tambayoyin JAMB sun san muna haɗa su.

Lokacin daidai ne, amma aka ce kalmar ba ta dace ba. Ta yaya?

Ci da sha da ji jakunan Hausa ne, komai aka ɗora musu sai su ɗauka. Muna cin jarrabawa, mu ci kasuwa, mu ci zaɓe. Turanci zai ce *pass an exam, win an election*. Muna shan magani, mu sha taba, mu sha wahala: *take medicine, smoke, suffer*. Ina jin Turanci *I understand English* ne, ina jin wari *I can smell something*, ina jin sanyi *I feel cold*. Yi ta rabu gida biyu, *make a mistake* amma *do your homework*. Ara mini biro *lend me your pen* ne, mai karɓa shi ke *borrow*. Kashe fitila kuma *switch off the light*, domin *off* ba aikatau ba ce. A ƙarshen wasiƙa, *I look forward to hearing from you*, da *-ing*, duk da *to* ɗin da ke gabanta. Irin waɗannan babu dokar da za ta cece ka, a dunƙule ake ɗaukarsu kamar karin magana.

Jarrabawa ta matso. Me zan riƙa yi kullum?

A takardar insha'i ta WAEC ana son kalma wajen 450, kuma abu 4 ake aunawa: ƙunshiya, tsari, iya sarrafa harshe, da tsabtar nahawu da rubutu. A kashi na ƙarshen nan kowane kuskure yana cin rabin maki, don haka *-ed* goma da suka faɗi sun isa su rage maka maki sosai. Ka bar minti 5 a ƙarshe, ka bi takardar da bakin biro kana tsayawa a kan aikatau kaɗai, kana tambayar kowanne: yaushe, kuma wa ya yi?

A gida kuma, duk dare rubuta jimla 6 a kan yininka: biyu na abin da ka yi, biyu na abin da ba ka yi ba tukuna, biyu na gobe. Karanta su da ƙarfi. Idan kana da rediyo ko waya, saurari kanun labarai na Turanci bayan ka ji na Hausa, tunda ka riga ka san abin da ya faru, kunnenka zai samu sararin bin aikatau. Za ka lura mai karanta labarai yakan buɗe da *has*, kamar *The president has arrived in Kano*, domin sabon abu ne. Jimla ta biyu, da ya ambaci ƙarfe nawa, sai ka ji ya koma *He landed at ten this morning*.